Kalangun Shata Da Masu Raya Tsohon Kiɗa

Wanda ya fita birnin Katsina ta Ƙofar Durbi ya miƙe gabas, hanyar Daura ya kama. A can Daura aka binne Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a Kano ran 18 ga Yuni 1999, Allah ya jiƙansa. Har wa yau direbobi da fatake masu bin hanyar nan ba su rasa waƙarsa cikin mota. Murya dai tana nan. To, ina jama'ar da ke bayan muryar?

Abin da ya jawo wannan tambaya wata al'ada ce ta Amurka da Ingila. A can mutanen gari kan haɗa ƙungiyar kiɗa, mutum sha biyar ko ashirin, wannan tela, wannan akawu, wancan malamin makaranta. In an tashi daga aiki sai su taru da ƙahonin tagulla da ganguna su yi ta bita, sa'an nan su sa rana su kaɗa wa jama'a waƙoƙin mazan jiya. Cikin abin da sukan raya akwai kiɗan da ake kira sol, watau na baƙar fatar Amurka, wanda ya tsiro daga waƙoƙin coci a shekarun 1950. Manyansa su ne irin su Ray Charles, da Aretha Franklin, da James Brown wanda ya zo Ikko cikin 1970. Duk sun mutu. Jagora ya ba da waƙa a amsa masa, kamar dai namu.

Abin da ya sa tela da akawu suke iya wannan aiki shi ne, nasu kiɗan ana rubuta shi a takarda da waɗansu alamomi, kowane mabushi da tasa a gabansa. Na Shata kuwa babu shi a allo, babu shi a takarda.

An haifi Shata a Musawa cikin 1923, ya kuwa yi tallar goro kafin waƙa ta rinjaye shi. Kalangu, wanda aka sani da kiɗan mahauta, shi ya ɗauka ya kai shi gaban sarakuna, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin Dakta na girmamawa cikin 1988. Amma fa ba shi kaɗai yake tsayawa ba. Bayansa akwai makaɗa, da 'yan amshi, da maroƙa. Sau da yawa a nan take yake ƙaga waƙa, daga ganin mutum. Makaɗi sai ya matse tsarkiya a hammata, ya sassauta, kalangu ya bi hawa da saukar maganar da bai taɓa ji ba. 'Yan amshi kuma su san inda zai numfasa su shigo, ba tare da ya waiwaya ba. Wannan sani sai da zama na shekaru, kamar yadda almajiri ba ya gyara tilawa sai ya durƙusa gaban malami ya ji daga bakinsa. Faifai yana adana abin da aka yi, ba ya koyar da yadda ake yinsa.

Masana sun yi nasu ƙoƙarin. Cikin 2006 Malam Ibrahim Sheme da abokansa suka fitar da littafin Shata Ikon Allah, tarihinsa ya tsira. Akwai kuma masu kwaikwayon muryarsa a wuraren biki, waɗansu har su ruɗi mai sauraro. Sai dai yawancin samarin mawaƙa ɗakin ɗaukar waƙa suke shiga, inda mutum guda da fiyano yake tsaye a madadin makaɗa goma.

Ƙungiyar Shata sarakuna da attajirai da direbobi suka riƙe ta, da riga da doki da mota. Attajirin da zai aurar da ɗiya yau, kuɗin hayar lasifika bai kai na sallamar makaɗa goma ba, galibi kuwa mai lasifikar ake aika wa goro.