Kafin A Ce Allon Ya Ƙone

A ranar 29 ga Fabrairun 2012 wata gidauniya da ke Kambirij a Ingila ta fara sayar da wata kwamfuta da ba ta fi katin cirar kuɗi girma ba, a kan dala 35. Raspberry Pi ake kiranta, kuma Eben Upton ne ya jagoranci waɗanda suka ƙera ta. Allo ne guda ɗaya tsirara, ba gida, ba sikirin, ba madannai, ba ma'ajiya. Wanda ya saya shi zai nemo caja da katin memori da wayar da za ta haɗa ta da talabijin. Daga baya kamfanonin China suka fito da irin nasu, su Orange Pi da Banana Pi. Irin wannan allon ne ɗalibin kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Gusau, ko ɗalibin lantarki a kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙauran Namoda, kan nema idan aikin kammala karatu ya zo, don haɗa kyamarar tsaro ko na'urar kunna famfon ban-ruwa.

Wanda ya tara kuɗi ya yi odarsa daga Kano ko Legas, ya kai shi gida Kekun Waje ko Tsafe, ya jona ya ga talabijin baƙi ƙirin, hukuncin da zai fara yankewa shi ne allon ya ƙone, ko an sayar masa da mushe. Ba kasafai hakan ke zama gaskiya ba. Galibi laifin yana wurin kayan arahar da aka haɗa masa, kuma a ƙasar Zamfara wuta ce ya kamata a fara tuhuma.

Raspberry Pi 3 na buƙatar bolt 5.1 da amfiya 2.5. Pi 4, wanda ya fito a Yunin 2019, yana son amfiya 3. Pi 5 na shekarar 2023 kuwa cajarsa ta asali amfiya 5 take bayarwa. Cajar waya da ake samu a teburin mai caji na bakin kasuwa ba don wannan aikin aka yi ta ba. Waya tana da batir, idan caja ta yi rauni sai dai cajin ya ɗauki lokaci. Wannan allon ba shi da batir, duk abin da caja ta ba shi a wannan daƙiƙa da shi yake rayuwa. Da zarar wutar ta sauko ƙasa da bolt 4.63 sai ya fara ƙorafi: jar fitilarsa ta yi ƙyafce ko ta mutu, alamar walƙiya ko saƙon gargaɗi ya fito a kusurwar sikirin, ya rage gudu, wani lokaci ya mutu ya sake tashi da kansa. Mai allo zai rantse cewa cajarsa an rubuta amfiya 3 a jikinta, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Sai dai akwai wayar cajar. Idan tagullar cikinta siririya ce, ko tsawonta ya yi yawa, wutar na raguwa a hanya, kamar yadda ruwa ke fita da ƙarfi daga injin ban-ruwa amma ya isa ƙarshen fadama a raunane saboda tiyon siriri ne. Gajeriyar waya mai kauri ta sha warkar da allon da aka riga aka yi wa ta'aziyya.

Ba sai an yi ta hasashe ba, allon da kansa yana faɗa. Idan ya tashi aka rubuta masa umarnin vcgencmd get_throttled, amsar 0x0 na nufin lafiya lau. Idan ya amsa da 0x50005, to wuta ba ta isarsa a wannan lokacin, kuma ya riga ya rage gudu saboda haka.

Akwai kuma wani kuskure da ya fito daga masana'antar kanta. Rukunin farko na Pi 4 ya zo da tangarɗa a ramin USB-C, ta yadda wasu wayoyin caja masu tsada, irin waɗanda ke zuwa da manyan laftof, ba sa ba shi wuta ko kaɗan, alhali wayar araha na tayar da shi. An gyara wannan a bugu na 1.2. Wanda ya sayi na hannu yana iya faɗawa kan tsohon.

Bayan ƙarancin wuta sai ɗaukewarta. Gusau da Bunguɗu da Tsafe duk a hannun kamfanin raba wutar lantarki na Kaduna suke, wanda har gobe jama'a NEPA suke ce masa, kuma babu wanda ake yi wa sallama kafin a ɗauke. Katin memori shi ne komai na wannan kwamfuta: babbar manhajar da ke tafiyar da ita a ciki take, fayilolin mai ita ma a ciki suke. Idan wuta ta yanke daidai lokacin da ake rubutu a kan katin, abin da ke ciki kan dagule, gobe a kunna ta ƙi tashi. Haka ma wanda ke fizge caja idan ya gama aiki. Allunan da suka gabaci Pi 5 ba su da maɓallin kashewa, sai an ba su umarnin sudo shutdown now, an jira koriyar fitila ta daina motsi, sannan a zare. Masu sa fawabank a tsakani su gwada nasu tukuna, domin da yawa sukan katse wuta na ɗan ƙiftawar ido duk lokacin da aka kawo ko aka ɗauke, wannan kuwa ya isa ya kifar da allon. Mai sola da batir mai bolt 12 yana buƙatar na'urar da ke sauko da wutar zuwa bolt 5. Wanda ya jona kai tsaye shi ne zai ga ƙonewa ta gaskiya. Ga allon da za a bari yana aiki ɗaya dare da rana, a cikin manhajar saitin allon mai suna raspi-config akwai zaɓin da ke hana rubutu a kan katin gaba ɗaya, ta yadda ɗaukewar wuta ba za ta taɓa shi ba.

Shi kansa katin abin tuhuma ne. Akwai na jabu da ke nuna gigabait 64 alhali ainihin cikinsa bai wuce 8 ba. Zai karɓi manhaja, ya yi kwanaki yana aiki, ranar da ya cika sai ya fara taka tsofaffin fayiloli. Wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna H2testw, wadda ta fito daga mujallar kwamfuta ta c't a Jamus, tana cika katin da bayanai ta sake karanta su, ta tona asirinsa. Kuskure biyu kuma sun yi yawa a wajen sababbin shiga. Na farko, kwafe fayil ɗin manhajar a jefa cikin katin yadda ake tura waƙa. Ba zai tashi ba, sai an rubuta shi da Raspberry Pi Imager, wadda aka fitar a 2020. Na biyu, idan aka mayar da katin cikin kwamfuta mai Windows takan ce akwai ɓangaren da ba ta gane ba, a bari ta goge shi. Wanda ya amince ya share aikinsa da hannunsa.

Koriyar fitilar nan ma tana magana ga wanda ya tsaya ya ƙirga. Ƙyafce huɗu da ke maimaituwa na nuni ga matsalar fayil ɗin start.elf, wato katin bai rubutu daidai ba. Bakwai na nufin ba a ga zuciyar manhajar ba. Takwas kuwa matsalar ƙwaƙwalwar ajiyar allon ce, kuma ko ita wani lokaci tsohuwar manhaja ce aka ɗora wa sabon allo. Pi 3 da ba a sa masa kati ba, ko katin bai karantu ba, ba ya nuna komai a talabijin sai jar fitila kawai, shi ya sa ake yawan yi masa ƙazafin mutuwa. Pi 4 da Pi 5 sukan nuna shafin bayani da ke faɗin abin da suka nema suka rasa. Idan sikirin ya tsaya a kan launukan bakan gizo, galibi katin wani tsohon allo ne aka ara. A Pi 4 ramukan HDMI biyu ne, a fara da wanda ke kusa da ramin caja, a kuma kunna talabijin kafin allon.

Zafi ba ya hana tashi, amma yana sa nawa. Daga digiri 80 a ma'aunin Salshiyas allon ke fara rage gudunsa, kuma a watan Afrilu, lokacin da Gusau kan kai digiri 40, ɗaki mai rufin kwano da akwatin roba marar ƙofar iska sun isa su kai shi can. Ƙaramar fanka da ƙarfen shanye zafi sun wadatar, sai kuma a riƙa hure ƙurar hunturu daga ramin katin.

To, allo ya tashi, sai Wi-Fi ya ƙi. A nan tambayar farko ita ce wane allo ne. Pi 1 da Pi 2 da Pi Zero na asali ba su da Wi-Fi sam. Pi 3 samfurin B na 2016, da Zero W na 2017, da Zero 2 W na 2021, duk zangon 2.4GHz kaɗai suke ji. Sai daga 3B+ na 2018 aka ƙara 5GHz. A Kekun Waje da ƙauyukan Bunguɗu, inda intanet ɗin mutum ita ce datar wayarsa, wannan ba ƙaramin bayani ba ne: sabuwar waya tana iya raba data a zangon 5GHz, allon ya yi ta lalube bai ko ga sunanta ba. A Android sai a shiga saitin raba data a mayar da zangon 2.4GHz, a iPhone kuma akwai maɓallin da ke yin hakan a shafin guda. Idan wayar na amfani da sabon tsarin tsaro na WPA3, a mayar da ita WPA2. Sunan da aka sa wa Wi-Fi ɗin ma gara ya zama haruffa da lambobi zalla, ba hotunan zuciya da furanni ba.

Abu na gaba lambar ƙasa. Kowace ƙasa da tashoshin da ta halatta, a Nijeriya hukumar sadarwa ta NCC ke da wannan hurumin. Allunan da ke da 5GHz sukan rufe Wi-Fi ɗinsu har sai an gaya musu ƙasar da suke, kuma saƙon da ke ɗauke da kalmar rfkill shi ne alamar. A raspi-config ake saitawa: NG ga Nijeriya, NE ga Nijar. Wanda ya kwaikwayi wani bidiyo ya sa US ya rufe wa kansa tashoshi na 12 da 13, waɗanda Amurka ba ta amfani da su, kuma idan rautarsa, wato na'urar da ke raba masa Wi-Fi, a can take zaune ba zai gan ta ba.

Bidiyoyin koyarwa ma suna tsufa, kuma babu mai cire su daga YouTube. Tun ƙarshen 2016 aka rufe hanyar shiga allon daga nesa ta SSH sai wanda ya buɗe da kansa. A Afrilun 2022 aka cire tsohon sunan shiga na pi da kalmar sirrinsa ta raspberry. A Oktoban 2023, da fitowar bugun babbar manhajar mai suna Bookworm, aka koma NetworkManager wajen saita Wi-Fi, don haka tsohuwar dabarar jefa fayil ɗin wpa_supplicant.conf a cikin katin ta daina aiki. Ɗalibi zai bi bidiyon 2019 harafi da harafi, ya kwana yana zargin kansa. Hanya mafi sauƙi yanzu ita ce a cike sunan Wi-Fi da kalmar sirri da ƙasa da SSH a cikin Imager tun kafin a rubuta katin, ko a yi amfani da umarnin nmtui bayan allon ya tashi.

Idan kuma yana haɗuwa yana yankewa, a koma kan caja, domin Wi-Fi na cikin abubuwan da ke fara galabaita idan wuta ta yi ƙasa. Akwatin ƙarfe yana toshe sigina. Filashi ko ma'ajiyar da aka jona a shuɗin ramin USB 3 tana fitar da hayaniya a daidai zangon 2.4GHz, abin da kamfanin Intel ya yi bayaninsa tun 2012. A sa mata doguwar waya a nisanta ta. Sannan allunan da suka gabaci Pi 5 ba su da agogon da ke ci gaba da tafiya idan an kashe su, daga intanet suke ɗaukar lokaci. Allon da ya yi wata a ajiye kan farka da tsohon kwanan wata, shafuka masu tsaro su ƙi buɗewa, sabunta manhaja ya gagara, har sai agogon ya daidaita.

Mutanen Zamfara sun san wani bambanci da yawancin masu rubuta littattafan koyarwa ba su taɓa ɗanɗana ba. A farkon Satumban 2021, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, NCC ta umarci kamfanonin waya su rufe sabis a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga. Gusau ta samu nata a watan Oktoba, sauran ƙananan hukumomi suka jira har wajen ƙarshen Nuwamba. A duk tsawon wannan lokacin Wi-Fi bai mutu ba, domin shi haɗi ne tsakanin na'urorin da ke kusa da juna. Intanet ce ta tafi. Shi ya sa mai gyara ke rarrabe tambayoyinsa. Umarnin hostname -I zai nuna ko allon ya samu adireshi daga waya ko rauta. Idan ya samu, sai a gwada ping 8.8.8.8. In wannan ya amsa amma sunayen shafuka ba sa buɗewa, matsalar fassara suna ce zuwa adireshi. In bai amsa ba, a duba ko data ta ƙare ko sabis ne ya ɗauke, kafin a taɓa saitin allon.

Wannan bambancin ne ya sa allon ke da amfani ko inda babu sabis. Da manhajoji irin su Kiwix da Kolibri, ko tsarin RACHEL da aka yi don makarantun karkara, allon da kansa yake zama mai raba Wi-Fi, ɗauke da Wikipedia, har da ta Hausa, da littattafai da bidiyoyin darasi a cikin katinsa. Malami a makarantar ƙauye zai iya ajiye shi kan tebur da batirin sola, ɗalibai su shiga da wayoyinsu ba tare da sun kashe ko kobo na data ba. A nan ma sai an sa lambar NG kafin ya fara watsawa, kuma a zaɓi zangon 2.4GHz domin ƙananan wayoyi su gan shi. Matsalar da ta fi yawa a irin wannan tsari daga wayoyin take fitowa: Android idan ta ga Wi-Fi marar intanet takan sulale ta koma kan datar layi, shafin ya ƙi buɗewa. Sai a kashe datar layin, ko a amsa mata da e lokacin da ta tambaya ko a ci gaba da zama a kan wannan haɗin.