Gane Namiji Da Tamata A Cikin Ƙananan Zanzaro

Bahaushe ya raba sunan zakara da na kaza, da na bunsuru da na akuya, amma bai taɓa shakkar cewa jinsi ɗaya ne ba, domin a gabansa suke hayayyafa. Masanan ƙwari ba su sami wannan sauƙi ba wajen ƙananan dangin zanzaro, waɗanda ke saka ƙwansu a jikin tsutsa, 'ya'yansu su cinye ta. A wasu jinsunan namiji yana da fiffike, tamata kuwa ba ta da shi, sai ka ce tururuwa. Saboda haka an sha laƙaba wa jinsi ɗaya suna biyu.

Wannan al'amari ya shafi manoman Ikara da Makarfi da Kudan. A shekarar 1916 ba a san tsutsar tumatir da ake kira Sharon a ƙasar Zazzau ba, amma a 2016 ɓarnarta ta kai Gwamnatin Jihar Kaduna ga kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir. A shekarar ce kuma aka fara ganin tsutsar masara daga nahiyar Amurka a Nijeriya. Feshin magani yana da tsada, kuma tsutsa takan saba da shi. Kiwon zanzaron da ke kashe ta wata mafita ce, kamar yadda ake yi wa tsutsar zangarniyar gero a yankin Maraɗi.

To, sai dai kiwon yana da sharaɗi. Tamata kaɗai ke kashe tsutsa, kuma idan namijin jinsinta bai yi mata barbara ba, maza zalla za ta ƙyanƙyashe. Wanda ya haɗa ta da namijin wani jinsi, zuriyar za ta yanke a hannunsa.

A shekarar 2003 Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya gabatar da hanyar da ta sauƙaƙa wannan aiki. Akan ciri ƙafar ƙwaro, a karanta wani yanki na sinadarin gado, wato DNA, mai tsawon haruffa kusan 650. Ɗa da 'ya duka daga uwa suke gadon wannan yanki. Idan na namiji ya dace da na tamata, alama ce mai ƙarfi cewa jinsinsu ɗaya, komai bambancin kama. Sannan a tabbatar ta hanyar kiwo, kafin a kai su gonar manomi.