Rumbun Bidiyo na Cikin Gida: Hanyar Adana Tarihin Iyali a Tukur-Tukur

1.0 Gabatarwa

Unguwar Tukur-Tukur ta Zariya ba baƙuwa ba ce ga sha'anin adana magana. A nan ne aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, wanda ya ci gaba da buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda Alhaji Abubakar Imam ya fara yi wa edita a 1939. Abin da aka buga a takarda a wancan zamani ana iya karanta shi har yau. Amma akwai wata taska a ɗakunan mutanen wannan unguwa da makamantanta wadda ba ta da irin wannan tsawon rai, wato kaset-kaset na bidiyo da aka ɗauki bukukuwan iyali a cikinsu. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda gida zai kafa wa kansa rumbun ajiye waɗannan hotuna, da kuma sharuɗɗan da in babu su aikin ya tashi a banza.

2.0 Abin da Ke Cikin Kaset

Kamfanin JVC na Japan ne ya fito da kaset ɗin VHS a 1976. Zuwa 1990, shekarar da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da fim ɗin Turmin Danya, na'urar bidiyo ta riga ta samu gindin zama a biranen ƙasar Hausa, kuma kiran mai ɗaukar bidiyo ya soma zama ɗaya daga cikin hidimomin biki. Da haka aka ɗauki kamu da sa lalle da buɗar kai da suna da saukar karatu da naɗin sarauta da hawan salla.

Ga masu gida, darajar kaset ita ce fuskar kaka da muryar mahaifin da ya rasu. Ga manazarci kuwa, akwai ƙari. A ciki ne zai ji Zazzaganci daga bakin tsofaffi, ba tare da gyaran marubuci ba. A ciki ne zai tarar da kirarin maroƙa, da waƙoƙin 'yanmatan amarya, da jeren ɗaki kafin kwanon samira ya ja da baya. Mafi yawan waɗannan abubuwa ba wanda ya rubuta su.

Zaren kaset leda ce da aka shafa wa garin maganaɗisu. Zafin bazara yana raunana shi, laimar damina tana sa masa fumfuna, ƙurar hunturu kuma tana karce shi. Ban da haka, kamfanin Funai, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani yana ƙera na'urar kunna VHS, ya daina a 2016. Ke nan ko kaset ya tsira, abin kunna shi yana ƙarewa.

3.0 Juyar da Kaset Zuwa Kwamfuta

Matakin farko shi ne a nemi na'urar bidiyo mai lafiya, a haɗa ta da kwamfuta ta hanyar wata 'yar na'ura mai mayar da hoto da sauti zuwa lambobi. Aikin ba ya karɓar gaggawa, domin kaset na awa 3 sai ya ci awa 3 cur. Kaset mai fumfuna ba a sa shi sai an tsabtace shi, don yana ɓata kan na'ura, ya kuma shafa wa sauran.

Ya kamata kowane kaset ya haifi kwafi 2. Na farko shi ne uwa, wanda ba a matse shi ba, kuma ba a taɓa shi. Na biyu ƙarami ne, a tsarin MP4, don kallon yau da kullum. Uwa tana cin wuri: awa 1 ta ƙaramin kaset na MiniDV, wanda ya fito a 1995, takan kai gigabait 13. Saboda haka faifai mai terabait 2 zai ɗauki kimanin awa 150 na irinsa.

4.0 Kafa Rumbun

Abin da masana kwamfuta ke kira saba, wasu kuma uwar garke, kwamfuta ce da ke riƙe da kaya tana miƙa wa sauran na'urori idan sun nema. Ba dole ne ta zama mai tsada ba. Tsohuwar kwamfutar ofis ta isa, haka ma ƙaramar nan ta Raspberry Pi da ta fito daga Ingila a 2012, wadda ba ta shan wuta sosai. Sai a sa mata faifan ajiya, a haɗa ta da rauta, a kuma ɗora mata manhaja irin su Plex ko Jellyfin. Ita Jellyfin, wadda aka fara a 2018, kyauta ce, kuma tana aiki a cikin gida ko da babu intanet. Da zarar an gama, duk mai waya ko talabijin na zamani a gidan zai iya kallo ba tare da ya sayi data ba.

Babbar abokiyar gabar rumbu ita ce ɗaukewar wuta yayin da faifai ke rubutu. Don haka ana bukatar batirin tsaro ko inbata ko hasken rana, sannan a ajiye na'urar nesa da ƙasa, inda iska ke ratsawa.

Akwai kuma wata fa'ida da ta shafi al'ada kai tsaye. Taron kamu da na wuni taron mata ne, kuma matan da aka ɗauka a 1992 ba su yi zaton baƙo zai kalle su ba. Ɗora irin wannan a YouTube ko Facebook daidai yake da janye labulen ɗakin matar aure. Rumbun gida kuwa yana ba da damar a ba kowa suna da kalmar sirri, a kuma ware abin da kowane rukuni zai gani, kamar yadda zaure ya ware baƙo daga cikin gida.

5.0 Darasi Daga Malaman Zaure

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar rumbu a matsayin ƙarshen aiki. Faifai yana mutuwa ba sallama, kuma tsawa ko ɓarawo ko gobara kan tafi da kome a dare ɗaya. Masana sun tsayar da ƙa'idar 3-2-1: kwafi 3, a kan ma'ajiya iri 2, ɗaya kuma a wani wuri dabam, misali gidan ɗan'uwa a Kaduna ko Kano. Kada kuma a zubar da kaset na asali.

Wannan ƙa'ida ba sabuwa ba ce a Zazzau. Littattafan malamai sun kai ga zamanin nan ne domin almajirai sun yi ta juyar su, suna watsa su gida-gida. Wasu masu juyar kuma, bayan sun rubuta tammat, sukan sa sunansu da na mai littafi, wani lokaci har da rana. Irin wannan ɗan bayani ne ya taimaki Shirin Binciken Tarihin Arewa, wanda aka kafa a Jami'ar Ahmadu Bello a 1964, wajen gane asalin rubuce-rubuce da dama. Haka bidiyo yake. Kowane fayil yana bukatar shekara da unguwa da irin biki da sunayen waɗanda suka fito. Wannan bayani yana bakin tsofaffi ne kawai, don haka sai a zaunar da su gaban allo, a rubuta abin da suka faɗa, in da hali ma a naɗi muryarsu.

6.0 Kammalawa

An nuna cewa kafa rumbun bidiyo na gida bai fi ƙarfin iyali mai matsakaicin hali ba, kuma amfaninsa ya wuce nishaɗi. Kayan aikin ana iya sayen su a kowane lokaci. Abubuwa biyu ne ba su jira, zaren kaset da tsofaffin da suka san waɗanda ke cikinsa. Gidan da ya yi niyya, sai ya fara da kaset mafi tsufa, ya kuma nemi mutum mafi shekaru a zuriyar tun yana iya nuna fuska ya ce wannan wance ce.