Shin Ko Kun San? Dutsen da Ke Iya Wasa Haƙorin Zarto

Shin ko kun san cewa 'yan ƙananan haƙoran da ke manne a bakin faifan zarton kafintocin Potiskum ba ƙarfe ba ne irin wanda muka saba? Sunansu tangistin kabaid. Kada a haɗa shi da kabaid ɗin masu walda, wanda wasu ke nuna ayaba da shi, don ba su haɗa hanya ba. Shi wannan garin ma'adinin tangistin ne da kabon, ake gauraya su da ɗan kobal, a matse, a gasa har su dunƙule. Shi ne a tsinin kan injin haƙa rijiyar burtsatse, shi ne a bakin ƙusar huda siminti, shi ne kuma ke sassaƙa ƙarfe a shagunan da ke gyara kayan tirelolin da ke lodin shanu ranar Laraba.

Shin ko kun san a Jamus aka ƙirƙiro shi? Karl Schröter na kamfanin fitilu na Osram ya haɗa shi a 1923, kamfanin Krupp kuma ya fito da shi kasuwa da sunan Widia. Nauyinsa ya kusa ninka na ƙarfe, shi ya sa ɗan guntunsa ke ba mutum mamaki a tafin hannu.

Shin ko kun san dutsen wasa mai launin toka, wanda ke jikin kusan kowane injin wasa wuƙa a kasuwa, ba ya cin kabaid? Da sinadarin alumina aka yi shi, gwani ne a kan adda da gatari da wuƙar mahauta. Amma kabaid ya fi shi tauri. In aka kanga masa haƙorin zarto, dutsen ne zai yi santsi ya daina ci, haƙorin ya ɗau zafi, tartsatsi kaɗan ja-ja ya fito, kaifi kuwa babu. Yaron shago sai ya ƙara dannawa, a ganinsa ƙarfi ne ya yi kaɗan. Nan ake ɓarna, domin kabaid duk taurinsa gautsi gare shi kamar tangaran, bakinsa ɓantarewa yake yi, ko kuma zafi ya sassauta likin da ya riƙe shi ya faɗo.

Shin ko kun san koren dutse yana ɗan taɓukawa? Silikon kabaid ne, wanda Edward Acheson ya gano a Amurka a 1891. Yana rage kabaid, yana da sauƙin kuɗi, sai dai saurin cinyewa gare shi, kuma bakin da yake bari ba ya fita sumul. Ya isa a gyara ƙusar huda bango. Haƙorin zarton da ake so ya yanka katako ba tare da tsaga ba, ya fi ƙarfinsa.

Shin ko kun san maganin kabaid na gaske faifan lu'ulu'u ne? Ba irin na kayan ado ba, na masana'anta ne, wanda Tracy Hall ya yi nasarar haɗawa a kamfanin General Electric a watan Disamba na 1954. Ƙwayoyinsa ake mannawa a gefen faifan, sirara kawai. Ku duba lambar da ke jiki: ƙaramar lamba, kamar 120, ƙwayoyi masu kaushi ne na rage abu da sauri, babba, kamar 400 ko 600, masu laushi ne na fito da kaifi. A ganina duk mai wasa zarto fiye da ɗaya a mako, tsadar faifan nan ba asara ba ce, in dai zai riƙa tafiya da shi a hankali ba da dannawa ba.

Ga abin mamakin kuma: lu'ulu'u bai dace da ƙarfe ba. In zafi ya yi yawa, ƙarfen yana shanye kabon ɗinsa, faifan mai tsada ya ƙare a banza. Don haka gogaggen mai aiki yakan fara rage ƙarfen da ke bayan haƙorin da dutsen toka, sannan ya kai kabaid ɗin kaɗai ga lu'ulu'u. Ƙarfe mai tsananin tauri yana da nasa faifan, na sinadarin CBN, wanda Robert Wentorf ya samar a 1957.

Shin ko kun san tsoma kabaid mai zafi a ruwa, yadda maƙera ke yi wa ƙarfe, tsaga shi yake yi? Ko dai ruwa ya riƙa zuba tun daga farko ba yankewa, ko a bar shi ya huce da kansa.

Shin ko kun san ana gane fasasshen dutse da kunne? Kafin a ɗaura dutsen toka ko kore, a rataye shi a yatsa, a ɗan ƙwanƙwasa da ƙotar katako. Mai lafiya ƙara yake yi tangararan, mai tsaga kuwa sai ya ce ƙwaf. A kuma duba iyakar gudun da aka rubuta a takardarsa, kada na injin ya wuce shi.

Ƙurar kabaid tana ɗauke da kobal, kuma shaƙarta shekara da shekaru na lalata huhu, don haka a rufe hanci, a yi aikin inda iska ke ratsawa. Mafi yawan kobal ɗin duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, tangistin kuma daga Sin, ko da yake akwai dutsensa a duwatsun Riruwai da ke ƙaramar hukumar Doguwa a Jihar Kano.