Inshorar Tafiya da Sakacin Masu Zuwa Umara

Inshorar tafiya yarjejeniya ce da matafiyi yake biyan wani kuɗi kafin ya tashi, kamfani kuma ya ɗauki nauyin jinyarsa idan ciwo ko haɗari ya same shi a ƙasar da ya je. Mutanen masarautar Gumel, daga Gagarawa Tasha zuwa Maigatari da Sule Tankarkar, sun saba da tafiye-tafiye, walau fatauci zuwa Damagaram ko Umara a watan azumi, amma kaɗan ne suke tunanin wanda zai biya asibiti a can, alhali katin taimakekeniyar lafiya na JICHMA ba ya aiki a ƙasar waje.

Tun shekarar 2020 Saudiyya ta haɗa inshorar lafiya cikin kuɗin bizar Umara, wato duk wanda aka ba biza ya riga ya biya. Abin takaici shi ne mutum ya miƙa wa ejan fasfo da miliyoyin naira, ya yi ta ciniki kan masauki kusa da Harami, amma bai taɓa tambayar takardar inshorarsa ba. Ita wannan inshora ta gaggawa ce, kamar haɗarin mota ko bugun zafin rana, ba a tsara ta don jinyar tsohon ciwo ta yau da kullum ba. Duk da haka sai a tura dattijo mai hawan jini ko ciwon suga da ƙwayoyin 'yan kwanaki a ƙulle cikin leda, babu kwali, babu takardar likita. Mafi muni shi ne wanda ya zarce wa'adin bizarsa, domin inshorar tana da nata wa'adin, kuma tsoron kamu yakan hana shi zuwa asibiti har ciwo ya ci jiki, sai 'yan'uwa su kai shanu kasuwar Maigatari ranar Alhamis ko su jinginar da gonar riɗi don biyan kuɗin jinya.

Wajibi ne matafiyi ya karɓi takardar inshorarsa da lambar wayar kamfanin, ya ga likita kafin tashi, ya ɗauki isasshen magani cikin kwalinsa, sannan ya dawo kan lokaci. Mai shakka kan halaccin inshora yana iya neman takaful, wato tsarin taimakon juna bisa shari'a, wanda hukumar kula da inshora ta NAICOM ta amince da shi a Najeriya.