Yadda Ake Mayar da Tsohuwar Marsandi Daga Otomatik Zuwa Manuwal

 A wannan makon za mu shiga gareji ne. Da yawa daga cikinmu mun san wata tsohuwar mota da aka ajiye a ƙofar gida ko a gindin bishiya, tayoyinta sun sace, ƙura ta rufe ta. Idan aka tambayi dalili, sau da yawa za a ce injinta lafiya lau, giya ce ta mutu. To irin wannan mota akwai hanyar tayar da ita, wato a cire mata giyar otomatik a sa mata ta manuwal. Aiki ne mai cin kuɗi, kuma idan aka yi shi da ganganci yana iya jawo hatsari. Shi ya sa muka ga ya dace mu san yadda ake yin sa.

Motar da muka ɗauka misali

Mun zaɓi Marsandi ƙirar W123, wadda kamfanin Mercedes-Benz na ƙasar Jamus ya sayar daga 1976 zuwa 1986. An ƙera kusan miliyan 2.7. Ita ce wadda ake gani da lamba 200, 230E, 280E, 240D ko 300D a bayanta. Harafin D yana nufin mai shan man dizal. Injinta yana gaba, amma tayoyin baya ne suke tura ta. Mun zaɓe ta ne saboda tun daga masana'anta an fitar da ita iri biyu, akwai mai otomatik, akwai mai manuwal. Ke nan duk abin da ake buƙata akwai shi a jikin wata 'yar uwarta, ba sai an ƙirƙiro sabon ƙarfe ba.

Me ya sa mota take buƙatar giya?

Mu tuna darasin da aka yi mana a aji kan ƙafafun ƙarfe masu haƙora. Idan ƙarami mai haƙora 10 yana juya babba mai haƙora 40, sai ƙaramin ya zagaya sau 4 kafin babban ya zagaya sau 1. Gudu ya ragu, amma ƙarfi ya ƙaru. Duk wanda ya taɓa hawa tudu da keke mai giya ya san haka a ƙafarsa.

Haka abin yake a mota. A giya ta ɗaya ta wannan Marsandi, injin yana juyawa kusan sau 4 kafin sandan da ke fita daga giyabos ya juya sau 1. Shi ya sa ake tashi da ita. A giya ta huɗu kuwa juyi ɗaya ne da ɗaya, ita ce ta gudu a kan babban titi.

Bambancin otomatik da manuwal

A manuwal, direba ne yake zaɓen giya da hannunsa. Tsakanin injin da giyabos akwai kuloci. Kuloci faifai ne da ake matse shi a jikin wani faifan ƙarfe mai nauyi da ke bayan injin, wanda kanikawa suke kira fulawil. Idan direba ya taka kuloci, faifan ya saki, injin da giya sun rabu, sai ya canza giya. Idan ya ɗaga ƙafa, sun sake haɗewa.

A otomatik babu fedar kuloci. A madadinta akwai wani rufaffen tulun ƙarfe cike da mai. Don mu gane shi, mu ɗauko fanka biyu mu sa su suna fuskantar juna, mu kunna ɗaya. Iskar wadda aka kunna za ta juya ɗayar, alhali ba su taɓa juna ba. To haka tulun yake aiki, sai dai da mai maimakon iska. Canza giyar kuma matsin mai ne yake yin sa ta cikin wasu ƙananan hanyoyi masu yawa. Kamfanin General Motors na Amurka ne ya fara yaɗa irin wannan giya, a motocinsa na Oldsmobile ƙirar 1940.

Me ya sa ake juyawa?

Dalili na farko shi ne gyara. Tsohuwar giyar otomatik idan ta gaji takan fara zamewa, a taka totur injin ya yi ta ƙara amma mota ba ta ja. Cikinta akwai ƙananan kaya birjik, kuma ba kowane bakanike ne ya iya buɗe ta ba. Ta manuwal ba ta da wannan sarƙaƙiya.

Na biyu shi ne mai. A tsofaffin motoci irin wannan, wani ɓangare na ƙarfin injin yana salwanta a cikin tulun nan, ya koma zafi. Kuloci kuwa idan ya kama ya kama. Amma mu lura, wannan magana ta tsofaffi ce. Otomatik na zamani, masu giya takwas ko fiye, da yawansu ba su fi manuwal shan mai ba.

Na uku shi ne turi. Idan batir ya mutu, mai manuwal zai sa giya ta biyu, yaran unguwa su tura, ya saki kuloci, mota ta tashi. Yawancin otomatik ba sa tashi da turin hannu.

Na huɗu sha'awa ce kawai. Akwai direbobin da ba sa jin suna tuƙi sai hannunsu yana kan giya.

Kayan da ake tanada

Dabarar da ta fi ita ce a sami mota irinta sak, mai manuwal, mai injin iri ɗaya, wadda ta daina aiki, a kwashe kayan gaba ɗaya daga jikinta. A kasuwannin tsofaffin kayan mota irin Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna ake neman irin waɗannan. Wanda ya tsinto wannan daga nan, wancan daga can, yakan tarar ramukan noti ba su dace da juna ba. Ga abubuwan:

1. Giyabos na manuwal, mai giya huɗu ko biyar.
2. Fulawil, domin otomatik ba ta da mai nauyi, wani siririn faifai ne da ita.
3. Faifan kuloci, da murfin da ke matse shi, da boris ɗin da ke sakin sa.
4. Ƙaramin boris da ke zama a tsakiyar bayan injin, inda bakin sandan giya yake shiga.
5. Jerin fedoji, har da ta kuloci.
6. Famfo biyu na kuloci, na sama da na ƙasa, da bututun da ya haɗa su.
7. Sandar giya da ƙarafan da suka haɗa ta da giyabos.
8. Gaban furofela, wato dogon sandan da ke kai juyi zuwa tayoyin baya.
9. Ƙarfen da giyabos yake zama a kai, da robarsa.

Faifan kuloci da boris gara a sayi sababbi. Idan tsoho ya mutu bayan wata biyu, sai an sake sauke giyabos gaba ɗaya kafin a kai gare shi.

Yadda aikin yake tafiya

Da farko a cire kan batir. Sannan a ɗaga mota a ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe masu ƙarfi, ko a kai ta kan ramin gareji. Ba a shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai yana riƙe da ita, domin jak yana iya zamewa, kuma nauyin wannan mota ya haura tan ɗaya.

Sai a tsiyaye man giya, a kwance furofela, a cire wayoyi da bututai. A kwance notocin da suka haɗa tulun nan da injin, a tallafi giyabos da jak, a sauke shi a hankali. Akwai bututu biyu da suke kai man otomatik cikin lagireto don ya huce. Yanzu ba su da aiki, sai a cire su a toshe ramukan.

Daga nan a sa ƙaramin boris, a ɗaura fulawil. Nan wurin yana son natsuwa. Fulawil yana juyawa sau dubbai a minti ɗaya, saboda haka notocinsa ana ɗaure su ne da sufana mai awo, daidai yadda littafin motar ya faɗa. A wasu injinan ma sai an daidaita nauyin sabon faifan da na wanda aka cire, in ba haka ba injin zai yi ta karkarwa har ya ci boris ɗinsa.

Sai faifan kuloci. Dole ya zauna a tsakiya cif, don haka ana zura wani ɗan sanda ya riƙe shi kafin a ɗaure murfin. Idan ya karkace ko kaɗan, giyabos ba zai shiga ba, kuma wanda ya tilasta shi da noti zai fasa wani abu.

Bayan giyabos ya hau, sai a koma cikin mota. Fedar birkin otomatik tana da faɗi, sai an canza ta da siririya kafin ta kuloci ta sami wuri. Wani abin mamaki a wannan Marsandi, idan mai sitiyari a hagu ce irin tamu, birkin ajiye mota ma da ƙafa ake taka shi. Ke nan bayan an gama aiki direba zai ga feda huɗu a gabansa.

Kulocinta da man birki yake aiki. Bayan an haɗa famfunan sai an fitar da iskar da ke cikin bututun. Dalili shi ne iska tana matsuwa, mai kuwa ba ya matsuwa. Idan iska ta rage, feda za ta yi laushi, giya ta ƙi shiga.

Sai furofela. Giyabos ɗin biyu tsawonsu ba ɗaya ba ne, shi ya sa tsohon sandan ba zai dace ba. Wasu sukan kai wa mai walda ya yanka ya ƙara. Idan ba a daidaita shi da na'ura ba, mota za ta riƙa rawa da zarar ta ɗauki gudu, kuma wurin waldar yana iya karyewa ana cikin tafiya.

Wuri biyu da rai yake ciki

Na farko, wayar tayar da mota. Otomatik tana da wani makunni da ke hana ta tashi sai giya tana kan P ko N. Idan an cire giyar, mai gyaran waya yakan haɗe wayoyin biyu don mota ta tashi. Daga ranar za ta iya tashi ko tana cikin giya, ta yi tsalle gaba. Mu yi tunanin ƙaramin yaro yana wasa a gabanta. Maganin shi ne a sa makunni a jikin fedar kuloci, yadda ba za ta tashi ba sai an taka. Haka kuma a haɗa wayar fitilar ribas da sabon giyabos, don na baya ya san za a dawo.

Na biyu, ajiye mota. Harafin P yana kulle giya da wani ɗan ƙarfe. Manuwal ba ta da shi. Saboda haka dole a gyara birkin ajiyewa ya kama sosai, kuma direba ya saba barin ta cikin giya, musamman a gangare.

A ƙarshe a zuba man giya irin wanda littafin motar ya ce, a haɗa wayar agogon gudu, a gwada motar a fili inda babu mutane kafin a hau titi.

Shin kullum ya dace a juya?

A'a. Wani lokaci ciwon otomatik ɗin ƙarami ne, man ne ya ƙone ko matatarsa ta toshe, kuma canza su bai kai kuɗin juyawa ba. Sannan masu tara tsofaffin motoci sun fi daraja wadda take yadda ta fito daga masana'anta, don haka juyawa yana iya rage mata farashi a wurinsu. Mai hikima yakan adana tsohuwar giyar, ko wata rana a so mayarwa. A duba mai tuƙin ma. Dattijo mai ciwon gwiwa da ke shiga cunkoso kullum, taka kuloci sau ɗari wahala ce a gare shi. Motocin zamani kuwa kwamfuta ce take haɗa injin da giya, juya su ya fi wannan wuya nesa ba kusa ba.

Idan ana shawarar irin wannan aiki a gidanku, ga tambaya uku da za ku iya yi cikin ladabi: an tabbatar giyar ba ta gyaruwa? An sami kayan daga mota iri ɗaya? Bakaniken ya taɓa yin irinsa? Mu kuma 'yan shekara goma sha uku, namu kallo ne da tambaya, ba shiga ƙarƙashin mota ko taɓa makulli ba.

Tambayar mako

Ƙaramin ƙarfe mai haƙora 12 yana juya babba mai haƙora 36. Idan ƙaramin ya zagaya sau 60, sau nawa babban zai zagaya? A rubuta amsa da suna da aji, a jefa a akwatin ƙungiya kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci a fitowa ta gaba.

Daga wakilin ƙungiyar 'yan jarida, aji biyu na ƙaramar sakandare