Kyan Gani a Bakin Binuwai: Idon Baƙo da Idon Ɗan Gari

Duk motar da ke ɗauke da lambar Adamawa tana yawo ne da kirarin jihar, wato ƙasar kyau. Amma ma'aikacin da aka ɗora wa nauyin mayar da takardar yawon buɗe ido zuwa Hausa, nan da nan zai ci karo da kalmar Turanci ta "scenery", wadda ba ta da takwara guda a harshenmu. Wasu kan ce shimfiɗar ƙasa, wasu kyan gani. Ta farko ta kama tudu da kwari ta manta da ido. Ta biyu ta kama ido ta saki ƙasar. Abin da Bature ke nufi shi ne duwatsu da ruwa da itatuwa yadda suke bayyana ga mai hange daga nesa, wanda galibi ba shi da gona a wurin.

A nan gizo ke saƙa. Baƙon da ya tsaya kan gadar Jimeta da la'asar, Binuwai na malala a ƙarƙashinsa, duwatsun Bagale na fuskantarsa daga arewa, zai ce tubarkalla ya ɗauki hoto. Ɗan gari kuwa tsayin ruwan yake aunawa. Ya san abin da kogin ya yi a 2012 da 2022, lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, gonaki da gidaje suka nutse. Sunan Yola ma daga Fulatanci ya samo asali, "yoolde", ɗan tudu, inda Modibbo Adama ya kafa garinsa a 1841.

Tafkin Geriyo, da ake sa hotonsa a takardun talla, wurin noman rani ne na shinkafa da kayan lambu. Tafkin Njuwa, mai bikin kamun kifi, yashi da laka sun cinye shi har bikin ya yi shekaru a kwance. Takardar da ta kira waɗannan wurare kyan gani kawai ta ɓoye masunci da manomi. Madatsar Dasin Hausa da ke ƙaramar hukumar Fufore, wadda aka tsara domin tare ruwan Lagdo, har yau ba a kammala ta ba.